Abban Walida Ba Tafiya Ya Yi Ba

Shekara huɗu ke nan da rasuwar mijina, Abban Walida, a nan Alƙahira. In za a bi gaskiya, ba shi nake yi wa fargaba ba a wancan lokacin. Shi lafiyayye ne, ko ciwon kai sai a daɗe bai yi ba. 'Yarmu nake wa tsoro. Bakwaini ce, 'yar mitsitsiya aka haife ta, kuma har ta shekara uku ba ta kamo tsararrakinta ba. Abu kaɗan ke taɓa ta. Iskar fanka ta sa mata mura, ƙarar motocin titin Faisal ta sa ta toshe kunne, in aka ɗaga murya a hawan ƙasa ita ce za ta fashe da kuka a namu. In tana barci sai na tsaya na ga ƙirjinta yana ɗagawa kafin in koma kan aikina. Ga mu a ƙasar mutane, ba uwa ba kaka, ba wadda zan tambaya ko haka yara suke.

Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa muke ce mata Walida.

Karatu ya kawo shi Masar, digiri na biyu a fannin kimiyyar da mutanen nan ke ce wa fiziya, wato Physics. Yawancin 'yan uwanmu da ke nan hadisi da fiƙihu suke karanta, don haka in an haɗu wajen suna ko walima shi ne abin tsokana. Su ce kowa ya zo Masar neman Bukhari, shi ya zo daka. Ba su yi ƙarya ba. Aikinsa shi ne a ɗauki abu mai tauri, ƙarfe ko zinare, a mai da shi ƙanana ƙwarai, har ya zama ko an tsaga silin gashi sau dubbai bai kai su ƙanƙanta ba, sannan a zauna a ga yadda halinsa zai canza. Nano suke ce wa irin wannan ƙanƙanta. Ni a aji shida na tsaya, sai Islamiyya, amma bai taɓa ce mini ba zan gane ba. Sai dai ya waiga kicin ya nemo abin da zai yi mini misali da shi.

Wata rana bayan la'asar ya dawo ya tarar ina kuka, don na kai Walida awo an ce ba ta ƙaru ba. Ya ciro wata 'yar kwalba daga aljihu, ruwan ciki ja wur kamar zoɓo, ya ajiye a gabana.

"Mene ne wannan?" ya tambaye ni.

Na ce zoɓo ne, kuma wanda ya haɗa shi marowaci ne.

"Zinare ne."

"To Allah ya amfana. Gobe sai a kai wa maƙeri ya yi mini ɗan kunne."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ya tsiyaya kaɗan a kofin shayi na gilashi, ya ce in ba shi gishiri. Ya barbaɗa ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka, ya girgiza, ina kallo jan nan ya juya ya koma shuɗi-shuɗi. Na ja da baya ina a'uziyya. Ya ce ba tsafi ba ne. Zinaren ne aka yi masa ƙanana har haske ya daina sauka a kansa yadda ya saba, shi ya sa ya bar ruwan ɗorawa ya koma ja. Da gishiri ya shiga sai ƙananan suka manne wa juna suka zama curi-curi, launin ya sake sauyawa. Kofin dai ban ƙara shan shayi da shi ba, jefar da shi na yi, ya kuwa kwana biyu yana ce mini na zubar da sadakina a bola.

Abin da ya faɗa bayan nan shi ne ya zauna mini. Ya ce in tuna ranar da na shiga jirgin ƙasa zuwa Ainu Shams a taragon mata, lokacin tashi daga aiki. Wadda ke tsakiya ko ta saki ƙarfe ba za ta faɗi ba, don gaba mutum, baya mutum, hagu da dama mutum. Wadda ke bakin ƙofa kuwa gefe ɗaya kawai aka tare mata, da an buɗe ita ce za ta fara fita ko ba ta shirya ba. Ya ce haka ƙwayoyin zarra suke a cikin dunƙulen zinare, kusan duka a tsakiya suke, kowace maƙwabta sun riƙe ta. Shi ya sa zinare ba ya tsatsa, ba ya shiga sabgar kowa, kuma sai wuta mai tsananin gaske ke narkar da shi. Amma in dunƙulen ya ƙanƙance sosai, tsakiyar ta ƙare, yawancinsu sun koma bakin ƙofa. Sai ka ga wutar da ba za ta yi wa babba komai ba ta narkar da shi, abin da da can ba ya kulawa yanzu ya taɓa shi. Ya ce kuskuren da mutane ke yi shi ne su ɗauka ƙaramin abu babba ne da aka rage, alhali dokarsa daban ce.

Ya dubi Walida tana wasa da murfin tukunya ya ce, "Wannan ba rauni gare ta ba. Duk jikinta bakin ƙofa ne. Sai a rage mata wuta."

Ban san wasiyya nake ji ba. Bayan 'yan watanni, a ƙarshen shekarar nan da gari ya yi ta hargitsi, ya fita da safe da jakarsa a kafaɗa, Walida ta raka shi bakin matakala. A ɗakin gwajinsu ya yanke jiki ya faɗi. Likita ya ce zuciya ce, ciwo ne da yake ɗauke da shi ba wanda ya sani, har shi kansa. Mutuwa rigar kowa. Kafin magariba an yi masa sutura an kai shi. Ita Walida tana gidan maƙwabciyarmu Bamisiriya, Ummu Tamir, ba ta ga komai ba.

Akwai Hajiya Rabi, matar wani tsohon ma'aikaci da ke zaune a unguwar Dokki. Ita ce uwar duk wata Bahaushiya a garin nan, ita ke zuwa haihuwa, ita ke zuwa mutuwa. Ita ta zauna da ni kwanakin farko na takaba, ita ta dafa, ita ta karɓi gaisuwa. Da aka dawo da Walida ta shiga ɗaki-ɗaki tana neman ubanta, Hajiya ta ɗora ta a cinya ta ce, "Abbanki ya yi tafiya, kin ji ko? Ki yi shiru, zai kawo miki tsaraba." Da alheri ta faɗa, kuma haka ake yi a gida. Ni ma da mahaifina ya rasu ina ƙarama haka aka ce mini, ban kuma ga ya cuce ni ba. Gidanmu a Funtuwa babban gida ne. Baffanni uku, kakanni, yara ba adadi. Wannan ya ɗauke ni, wancan ya saya mini rake, har na girma ban san takamaiman ranar da na gane ba zai dawo ba. Maganar ta shige ni a hankali, kamar ruwa a ƙasa.

Sai daga baya na gane ni a tsakiyar tarago nake. Walida kuwa mu uku ne, aka cire ɗaya.

A nan, in kana zaune a bene, akwai kwando da ake ɗaure wa igiya a zura daga baranda, mai kanti ko mai burodi ya sa maka saƙo ka janye. Sabat suke ce masa. Abbanta in ya dawo ba ya hawowa kai tsaye. Sai ya tsaya a ƙasa ya kira ta, ta zura kwandon ina riƙe da bayan rigarta, ya sa burodi mai zafi ta janye tana nishi kamar mai ɗebo ruwa a rijiya. Bayan rasuwar ba ta bari ba. Da an yi la'asar za ta ja kujera ta hau ta zura, ta zauna riƙe da igiya har a kira magariba. Mai gadin gidanmu ya riƙa jefa mata biskit a ciki saboda tausayi. Ta janye, ta duba, ta sake zurawa. Ba biskit take jira ba.

Ban koma gida ba bayan takaba. Na fara dafa tuwo da masa ina kai wa mutanenmu da ke zuwa asibiti a nan, Allah ya sa wa abin albarka, na ce bari yarinya ta ɗan yi ƙwari tukuna. To ga inda maganar tafiya ta yi mana illa. A Alƙahira tafiya ba baƙon abu ba ne. Ɗalibai abokan mijina suna zuwa hutu gida su dawo da kilishi da daddawa, kuma duk wanda ya tafi yana dawowa. Walida tana gani da idonta. Duk wanda ya zo gaishe mu sai ta riƙe masa riga ta ce, "Baffa, ka ga Abbana a can?" Me mutum zai ce? Sai ya kalle ni, ya kalli ƙasa, ya ce, "Na gan shi, yana gaishe ki." Ɗaya daga cikinsu har alewa ya ciro daga aljihu ya ce Abba ne ya ba shi ya kawo mata. Ba ta sha ba. Ta ajiye ta a ƙarƙashin matashi har tururuwa suka gano ta.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan kowa sai da ya sa fartanya ya ƙara masa tsawo, kuma kowa don tausayi ya yi.

Haka muka ci kusan shekara biyu. Ina ganin yarinya tana canzawa ban san sunan abin ba. Wadda sai an bi ta da cokali, sai ta fara cin abinci kamar ana korar ta. Ta cinye nata ta miƙo kwano a ƙara. Da farko murna na yi. Sai wata rana ta ci har ta amayar, ta goge baki ta sake jawo kwanon. Na riƙe hannunta na ce ya isa. Ta ce a'a, sai ta cinye, don ta girma. Na ce wa ke gaggawar girmanki? Ta ce ai Abba yana aiko gaisuwa amma ba ya zuwa, don ya gaji da ita ba ta girma. In ta kai tsawon 'yar Ummu Tamir zai dawo.

Ita kaɗai ta zauna ta haɗa wannan lissafin, a kan kujerar baranda, tana shekara biyar. Duk ranar da na kai ta awo na dawo fuska a ɗaure, ashe tana gani tana ajiyewa.

Washegari na hau mota zuwa Dokki na gaya wa Hajiya ina so in faɗa wa yarinyar gaskiya. Ta ajiye carbinta ta dube ni.

"Ke 'yar nan, kina da hankali kuwa? Yarinyar da iska ke kayarwa za ki ɗora wa mutuwa? Bari ta yi wayo. Yaro bai san komai ba, mantawa zai yi."

Na ce, "Hajiya, ba ta manta ba."

"To ke kike tuna mata. Mu da muka haifi tara ba mu san reno ba, sai ke mai ɗaya tilo?"

Na tashi na yi mata sallama, don ba a ja da babba, kuma tuwonta na ci a ranar da ba ni da kowa. Amma a hanyar dawowa maganar mijina ce ke yi mini yawo a ka. Ya ce a rage wa yarinyar wuta. Mu duka mun ɗauka gaskiyar ce wutar, muna ta kare ta daga gare ta. Ashe jiran ne wutar, kuma kullum la'asar ni da kaina nake riƙe mata riga a kanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ummu Tamir ce ta ƙarasa gamsar da ni. Da na ba ta labari da guntun Larabcina sai ta dafa ƙirji ta ce haram, su a wajensu da yara ake zuwa ziyarar kabari, ranar Juma'a ko da salla, a kai burodi a raba sadaka. Na ce mu matanmu ba sa zuwa maƙabarta. Ta ce ma'alish, wato a yi haƙuri, to yaya yarinya za ta daina kallon titi in ba a nuna mata inda yake ba? Na tambayi ɗaya daga cikin ɗaliban nan masu karatun fiƙihu. Ya ce malamai sun saɓa, akwai waɗanda suka halatta in ba za a yi kururuwa ba. Da ya ji dalilina sai ya sunkuyar da kai, don shi ne mai alewar.

Ranar wata Juma'a da hantsi muka tafi mu uku, ni da Walida da Ummu Tamir. Wurin yana can bayan gari inda gidaje suka ƙare yashi ya fara. Kaburburan nan ba irin namu ba ne. Ɗakuna ne a ƙarƙashin ƙasa, abin da ido ke gani katanga ce da ƙofar ƙarfe. Inda aka sa shi na sadaka ne, na baƙi irinmu. Ni ma ranar na fara gani. Na durƙusa daidai tsawon Walida na ce mata Abba ba tafiya ya yi ba, ya rasu, Allah ya karɓi abinsa, yana nan ciki, kuma ba zai dawo ba ko ta girma ko ba ta girma ba. Na ce mata bai taɓa gajiya da ita ba, shi ne ma mai hana ni damuwa da ƙanƙantarta.

Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon ƙofar.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika raka shi matakala."

"Kowa ya sani?"

"Kowa."

"Har Baffa mai alewa?"

Na ce har shi. Ta sa tafin hannunta a jikin ƙarfen, ta cire da sauri don rana ta gasa shi. Sai ta ce mu tafi gida.

Ba zan ce muku daga ranar komai ya gyaru ba. Kwandon ta bari, wannan gaskiya ne, cin abincin ma ya koma daidai. Amma ta yi watanni in Bahaushe ya yi mata magana da Hausa sai ta amsa da Larabci, a taƙaice, kamar yadda ake amsa wa baƙo. Hajiya Rabi ta zo da atamfa da lemo, yarinyar ta ƙi fitowa daga ɗaki. Kukan sai da aka kwana biyu ya zo, ya kuma daɗe bai tafi ba. Ni da Hajiya mun shirya tuni, amma har gobe tana cewa na yi gaggawa, ni kuma a raina ina cewa na makara. Allah ne masani.

Yau shekararta bakwai, tana makaranta, har yanzu ita ce ta gaba in an jera su bisa tsawo. Abin da ya rage mata shi ne kalmar nan. In wani ya ce zai yi tafiya sai ta tsare shi da ido ta ce wace iri, mai dawowa ko ɗayar? In na ce zan je Dokki in dawo, sai na faɗi sallar da za ta same ni a gida. Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga haka. Na san ba zai yi faɗa da kowa ba, ba halinsa ba ne. Ina jin zai ce an auna ta da mudun manya ne, kuma ba laifin mudun ba ne.

Wani lokacin kuma abin dariya ne ke tuna mini da shi. Kwanakin baya na kai wayata gyara a titin Faisal, yaron shagon ya ce zai shafa mata wani ruwa na nano, ko guduma ba za ta fasa gilashin ba. Na tsaya ina kallon kwalbar. Da yana nan da ya ja kujera ya zauna, ya tambayi yaron nano na me, girmansa nawa, wa ya auna, har sai mai shagon ya roƙe shi ya karɓi wayar kyauta ya tafi. Kalmar aikin da abokansa ke tsokanarsa a kai ga ta yau a bakin masu shago, shi kuma bai ga ko ƙarshen karatunsa ba. Na ji an ce wani ya ɗora daga inda ya tsaya. Ban san ko an ambaci sunansa ba, ban kuma san wanda zan tambaya ba.

In na auna abin da ya bari, ba shi da yawa a ido. Bai gina gida ba, bai karɓi takardar digirin ba, kabarinsa ma da wasu yake rabawa. Amma ya bar mini wani irin kallo. Na daina cewa abu ƙarami ne don haka ba komai. Maras lafiyar da nake kai wa tuwo, wanda ya baro iyalinsa ya zo shi kaɗai da ɗan rakiya ɗaya, na san kalma guda ta likita za ta iya rushe shi, abin da a gida cikin dangi zai shanye ya yi dariya. Amaryar da aka kawo unguwar Faisal ba ta san kowa ba, na san ba shagwaɓa ke sa ta kuka ba. Duk wanda ke zaune a ƙasar mutane a bakin ƙofa yake, yaransa kuma sun fi shi. Wannan shi ya koya mini, da gishirin miyata, kuma da shi nake renon 'yarsa.

Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, amma yau zan rubuta don ku san wanda za ku yi wa addu'a. Sunansa Ilyasu. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan.

Sai roƙo ɗaya. In mutuwa ta shiga gidan da akwai ƙaramin yaro, musamman gidan da mutanensa ba su da yawa, a samu wanda yaron ya yarda da shi ya durƙusa ya gaya masa, da kalmomin da zai gane, a kuma zauna kusa da shi ya yi kukansa. Kada a ce masa an yi tafiya. In kuma kai baƙo ne ka zo gaisuwa, yaro ya riƙe maka riga ya tambaye ka ko ka ga babansa, don Allah kada ka ce yana gaishe shi.